Bakin rijiya da gwiwar mutum

Kai mai karatu, ke mai karatu, in kun je ɗiban ruwa a tsohuwar rijiya, ku tsaya ku dubi itacen da aka gicciya a bakinta. Za ku ga igiya ta yi masa kwari-kwari, wani wurin ma yatsa yana shiga. Igiyar kaba ce fa, ko ta leda, ba wuƙa ba, ba zarto ba. Amma yau a ja, gobe a ja, har ta ci icce mai tauri. Wannan cin da abu ke yi wa abu in suna shafar juna, shi ake ce ma gogayya. Ita ke sa dutsen niƙa ya yi rami, ita ke sa gindin turmi ya huje, ita ke cinye takalmi.

To, yanzu taɓa gwiwarka. A nan ma abu biyu ne ke shafar juna, ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Tun kana rarrafe suke wannan aiki. Ka yi noma, ka yi tafiya daga Korgom zuwa kasuwar Tasawa, ka durƙusa ka tashi ba adadi. Shekara 50, shekara 60, wani har 80, gwiwa tana nan. Babu injin niƙa da zai yi shekara 60 ba a canja masa ƙarfe ba. Mine ne asirin?

Je wurin mahauci

Ranar kasuwa, ko a Mayahi ko a Tasawa ko a Kanambakashe, ka roƙi mahauci ya buɗe maka gaɓar ƙafar akuya ko ta rago. Kada ya sara da gatari, ya bi da wuƙa ya raba. Za ka ga kan ƙashin ba ƙashi ba ne tsirara. Akwai wani farin abu mai sheƙi da ya lulluɓe shi kamar hula. Guringuntsi ke nan, wanda yara ke son gurgura in an dafa nama. Shafa shi da yatsa. Ka ji santsi? Sai kuma ka ga ɗan ruwa mai yauƙi, kamar farin ƙwai, ko kamar ruwan kuɓewa. Shi ne ruwan gaɓa. Dukkan gaɓar tana cikin wata jaka da ta rufe ta ruf, kuma tantanin cikin jakar shi ke samar da wannan ruwa.

Haka gwiwar mutum take. Kaurin guringuntsinta milimeta 2 ne zuwa 4 a yawancin wurare, wato bai kai rabin santimeta ba. Ruwan kuwa, a gwiwa mai lafiya, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ɗan wannan abu ne ke ɗauke da kai.

Ga wani abin mamaki. Guringuntsi yana da tauri a hannu, amma mafi yawansa ruwa ne. In ka raba shi kashi 10, wajen kashi 7 ko 8 ruwa ne. Sauran kuwa zare ne siri-siri da aka saƙa kamar taru, da wani abu mai riƙe ruwa a tsakanin zaren. Ba ya da hanyar jini, ba ya da jijiyar jin zafi. Rashin jijiya alheri ne, don shi ya sa ba ka jin komi in kana tafiya. Rashin jini kuwa, nan matsala take. In ka yanke a hannu, jini ke kawo kayan gyara, kwana kaɗan wurin ya haɗe. Guringuntsi ba ya samun haka. Tun shekarar 1743 wani likita mai suna William Hunter ya bayyana wa masana a birnin Landan cewa guringuntsin gaɓa in ya lalace, ba ya komawa yadda yake. Har yau likitoci ba su sami maganin sha da ke tsiro da sabo ba. Riƙe wannan magana, za ta yi maka amfani in mai tallar magani ya zo ƙofar gida.

Auna santsi

Masana suna auna gogayya da hanya mai sauƙi. Ɗauki misalin buhun hatsi na kilo 100, wato wajen tiya 40. Ɗora shi bisa katako, ka ja katakon bisa wani katako. Sai ka sa ƙarfi kamar na ɗaga kilo 30 ko 40 kafin ya tafi. In ƙarfe ne bisa ƙarfe, an shafa musu mai, wajen kilo 10 zai isa. Amma da a ce guringuntsi ne bisa guringuntsi, da ruwan gaɓa a tsakani, kilo 1 ko 2 ya wadatar, wani lokaci ma bai kai ba. Yaro ƙarami sai ya ja buhun da hannu guda!

Da masana suka ga haka, sai suka ce dole su gane yadda abin ke aiki. Amma ba a iya leƙa cikin gwiwar mai rai yana tafiya. Saboda haka sai su yi kwatanci. Su ce, "Bari mu ɗauka gwiwa kamar kaza take." Su rubuta lissafi a kan haka, su ga abin da lissafin ya ba su, sannan su gwada da gaɓar gaske. In ya yi daidai, su riƙe. In ya saɓa, su gyara ko su yar. Kai ma kana yin irin wannan. In za ka gina rumbu, kakan zana a ƙasa, ka ƙiyasta dami nawa zai ci, tun ba ka kafa icce ko ɗaya ba.

Kwatanci uku

Na farko shi ne na inji. A cikin injin mota ko na niƙa, ƙarfe yana juyawa da sauri, yana jan mai zuwa ƙarƙashinsa, har ya zamana bisa mai yake yawo, bai taɓa ɗan'uwansa ba. A 1932 wani masanin jikin mutum ɗan ƙasar Ailan, MacConaill, ya ce haka gaɓa take, ruwan gaɓa shi ne man. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai ka yi tunani. Inji yana juyawa gefe guda, da sauri, ba tsayawa. Gwiwa fa? Ta je gaba, ta tsaya, ta dawo baya, kuma a hankali. Ga nauyi mai yawa. In ka tsaya a layin awo minti 10, ai wannan ɗan ruwa ya kamata ya matse ya gudu gefe. Amma kana ɗaga ƙafa sai ta tafi sumul. Ashe kwatancin inji bai isa ba.

Na biyu, John Charnley ne ya tsaya a kansa, wani likitan ƙashi a Ingila, wajen 1959. Ya auna gaɓoɓin gaske, ya ga santsin yana nan ko da motsin a hankali ne. Sai ya ce lalle akwai abin da ke manne a jikin guringuntsin, wanda matsi ba ya korewa. Gwada da kanka. Jiƙa yatsu biyu da ruwa zalla, ka matse su da ƙarfi ka murza, za su kama juna. Yanzu tsoma su a ruwan kuɓewa ko karkashi. Matse iya ƙarfinka. Suna zamewa, ko ba haka ba? Yauƙin ya manne a fata, ya ƙi fita. Daga baya, wajen 1981, aka ware wannan abu daga ruwan gaɓar shanu, aka sa masa suna lubrisin. Akwai yaran da ake haifa jikinsu ba ya yin lubrisin, kuma gaɓoɓinsu kan lalace tun suna ƙanana. Wannan ya nuna ba ƙaramin aiki yake yi ba. Wani abin da ke ƙara wa ruwan kauri kuma, an fara gano shi a 1934 cikin idon sa, kuma akwai shi da yawa a zankon zakara. Duniya da abin mamaki take.

Na uku shi ya fi kama hankali, don haka mu ɗan daɗe a kansa. A wannan shekara ta 1959, wani Ba'amurke mai suna McCutchen ya ce a daina kallon ruwan da ke tsakanin ƙasusuwa kaɗai, a dubi ruwan da ke cikin guringuntsin kansa. Ya ce guringuntsi soso ne.

Samo guntun katifa ka jiƙa shi sharkaf. Taka shi. Ruwa ya fita nan take, katifa ta lotse, ƙafarka ta taɓa ƙasa. Me ya sa? Don ramukanta manya ne. To, ka ɗauka ramukan ƙanana ne ƙwarai, har ido ba ya ganinsu, har ruwa ba ya iya fita sai da ƙyar, kamar yadda yake naso a jikin sabuwar randa. In ka taka irin wannan soso, ruwa ba ya da wurin gudu da sauri. Sai ya tokare. Kamar ka taka salka cike da ruwa an ɗaure bakinta: ba fatar ce ta ɗauke ka ba, ruwan ciki ne. Kuma ruwa ba ya gogayya, ba ya cinyewa.

McCutchen ya gwada. Ya goga guringuntsin dabba bisa gilashi, da nauyi a kai. Da farko santsi kamar me. Da aka jima nauyin bai sauka ba, ruwa ya yi ta tsattsafowa, santsin ya yi ta raguwa. Da ya ɗage nauyin na ɗan lokaci, guringuntsin ya sake shan ruwa, santsi ya dawo. A 1980 wani masani a Amurka, Van Mow, shi da abokan aikinsa, suka mai da wannan tunani cikakken lissafi, suka ɗauki guringuntsi a matsayin abu biyu a haɗe, saƙa da ruwa. A 1998 aka auna a jami'ar Kolombiya ta birnin Niyok, aka ga da farkon danna guringuntsi, ruwan ciki ke ɗaukar fiye da kashi 9 cikin 10 na nauyin. Yau da kwamfuta ake irin wannan lissafi, a zana gwiwar mutum a ciki, a ɗora mata kaya, a ga inda matsi ya fi yawa.

To, wane ne ya yi gaskiya cikin ukun? Abin da aka fi yarda da shi yanzu, na biyu da na uku tare suke aiki. Ruwan cikin soso ya ɗauki mafi yawan nauyi. Ɗan abin da ya rage, inda fuska ta taɓa fuska, yauƙin da ke manne ya kare. Na farkon ma yana da ɗan rabonsa, sa'ad da ƙafa ke lilo a iska ba nauyi a kanta. Masana ba su gama muhawara ba kan yawan rabon kowane.

Ga darasin da ke cikin soson. In ka taka, ruwa ya ɗan fita. In ka ɗaga ƙafa, ya koma. Da wannan shiga da fita guringuntsi ke samun abincinsa, tun da ba ya da jini. Wato tafiya ita ce cin abincinsa. Ka lura da wanda aka yi wa ɗori ya yi wata biyu bai lanƙwasa ƙafa ba? In an kwance, gaɓar ta sandare. Zama wuri guda ba hutu ba ne ga gwiwa.

Santsi kaɗai bai isa ba

Charnley ɗin nan yana da labari. Ya so ya yi wa masu ciwon kwankwaso gaɓar roba. Ya nemi abin da ya fi komi santsi, ya sami wata roba da ake kira Teflon, irin wadda ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Ya sa wa mutane kusan 300. Da farko suka tashi suna tafiya, kowa na murna. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu robar ta cinye, garinta ya ɓata naman wurin, dole aka sake yi wa mutane aiki. Sai a 1962 ya sami wata roba mai jurewa, daga nan aikin ya kafu, har yau ana yin sa a duniya. Amma gaɓar roba da ƙarfe ba ta kai ta haihuwa santsi ba, kuma aiki ne mai tsada, na manyan asibitoci. Ga mutumin Urafan ko Isawan, wadda aka haife shi da ita ce jarinsa.

Lissafin kaya

In kana tafiya, nauyin da ke sauka a gwiwa ba nauyin jikinka kaɗai ba ne. Saboda jan da naman cinya ke yi, yakan kai ninki 2 zuwa 3 a kowane taku. Mu yi lissafi. Mace mai kilo 55, in muka ninka sau 3, kilo 165 ke nan. Ta ɗauki bido mai lita 25 a ka. Lita guda na ruwa kilo guda ne, ta zama kilo 80. Ninka sau 3, kilo 240. Ya fi buhu biyu na hatsi, a kan gwiwa guda, a kowane taku, cikin rairayi. Ga ta kuma ta riga ta ja wasaki daga rijiya mai zurfi, ga daka yana jiran ta, wataƙila da goyo a baya. In an ce a bar jaki ko amalanke su yi jigilar ruwa, ba lalaci ba ne. Mai gida da ke da amalanke a ƙofa, matarsa kuma na ɗaukar bido sau biyar a yini, ya sake lissafi. Yarinya ƴar shekara 10 kuwa bai kamata a aza mata bidon manya ba.

Durƙuso mai tsawo da tsugunno da kaya a hannu su ma suna matse guringuntsi ƙwarai, musamman bayan ƙoƙon gwiwa. In aikin na duƙe ne, kamar cirar gujiya ko yankan kaba a Gulbin Kaba, riƙa miƙewa kana ɗan takawa. Ka ba soso dama ya sha ruwa. Ƙiba ma kaya ce, wadda ba a saukewa ko da dare.

In guringuntsi ya zaizaye

Shi ne ciwon da mutane ke kira sanyin ƙashi ko amosani. Fuskar da take sumul ta yi kaushi, ta tsattsage, ta daina riƙe ruwa. Nauyi ya koma kan saƙar, gogayya ta ƙaru, cin ya ƙara sauri. A ƙarshe ƙashi ya taɓa ƙashi, shi kuwa ƙashi yana da jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 528 ke da wannan ciwo, 6 cikin 10 mata ne, kuma gwiwa ce ya fi kamawa. Tsufa na kawo shi, da gado, da ƙiba, da aiki mai nauyi, da tsohon targaɗe ko karaya da ta shafi gaɓa. Da yawa suna cewa ya fi tashi da hunturu. Haka suke ji, amma ba sanyi ne ya ci guringuntsin ba.

Alamarsa: ciwo in an yi aiki, sauƙi in an huta, da ɗan sandarewa da safe wadda ke sakin mutum kafin rabin awa. Ƙarar da yatsu ke yi in an ja su kuwa, kumfar iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba a ga tana kawo wannan ciwo ba.

Me za a yi? Kada a kwanta. A riƙa tafiya daidai ƙarfi kullum. A ƙarfafa naman cinya: zauna bisa kujera, miƙe ƙafa sambal, ƙirga 10, sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. Cinya mai ƙarfi tana tare wa gwiwa girgiza. A riƙe sanda, kuma a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar da ke ciwo ba. Sanda ba abin kunya ba ce. In sujada ta gagara, tambayi malamin unguwa, addini ya yi sauƙi ga marar lafiya.

Wani zai ce, tun da yauƙi ne, bari in yawaita miyar kuɓewa. Sha abinka, miya ce mai kyau, amma ciki take zuwa, ba gwiwa ba. Jiki da kansa ke yin ruwan gaɓa. Man shafawa ma, ko man shanu ne ko na kanti, tausar tana sa a ji daɗi, amma ba ya ratsa fata ya zama man gaɓa.

Abu biyu ne masu haɗari. Na ɗaya, ƙwayoyin da ake saye a tebur ko a kan tire a kasuwa. Irin su diklofenak da ibuprofen suna kashe zafi, amma shan su kullum ba bisa ƙa'ida ba yana iya huda ciki, ya ɓata ƙoda. Deksametazon yana sa a ji garau kwana biyu, daga baya ya kumbura fuska, ya tada sukari, ya raunana ƙashi. Tramol kuwa kama mutum yake yi. Na biyu, tsaga ko sakiya ko ƙaho a kan gaɓa. Ka tuna jakar nan da muka gani wurin mahauci, a rufe take ruf. In aska ko ƙarfe ya kai ƙazanta ciki, ƙwayar cuta na iya cinye guringuntsi cikin ƴan kwanaki, abin da shekara 60 ba ta yi ba.

Saboda haka, in gaɓa guda ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi a hannu, ga zazzaɓi, mutum ba ya yarda a motsa ta, wannan ba sanyin ƙashi ba ne. Kada a kwana. A tafi gidan likita mafi kusa, in sun ga ya fi ƙarfinsu za su tura asibitin Tasawa ko na Mayahi, ko Maraɗi. Haka in yaro ne ke yawan kukan ƙashi da gaɓoɓi, a auna jininsa, ko sikila ce. Haka in yatsun hannu biyu suka kumbura tare, sandarewar safe tana wuce awa guda. Wannan wani ciwo ne dabam, kuma yana da magani in an zo da wuri.

Aikin aji

Ku haɗa kuɗi ku sayo ƙafar akuya guda, ku zo da kuɓewa da guntun katifa. Kowa ya taɓa guringuntsi da hannunsa. Ku bar shi a iska ya bushe, ku sake shafawa, ku faɗi abin da ya canja. Sannan ku amsa a littafinku:

1. Mine ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi in an danna guringuntsi?
2. Don me guringuntsi ba ya warkewa kamar yankan hannu?
3. Namiji mai kilo 65 ya ɗauki dami mai kilo 20. In an ninka sau 3, kilo nawa ke sauka a gwiwarsa?
4. A gidanku, wa ke ɗauko ruwa, bido nawa a yini, kuma daga nisan taku nawa?